Haƙar ma'adinai a ƙasan teku: makomar halittun da ba a ma raɗa musu suna ba

Labarai biyu sun fito a kan teku cikin ƙasa da shekara guda, kuma kowanne ya nufi wata alƙibla dabam. A ranar 24 ga Afrilun 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a wani umarni da ke buƙatar hukumomin Amurka su gaggauta ba kamfanoni izinin haƙo ma'adinai daga ƙasan teku, har da wuraren da ba na kowace ƙasa ba. Sai kuma ranar 17 ga Janairun 2026 yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kare halittun tsakiyar teku ta fara aiki, bayan ƙasashe 60 sun amince da ita. Wanda ya ji labarin farko zai ɗauka an buɗe ƙofa, wanda ya ji na biyu zai ɗauka an rufe ta. Gaskiyar ita ce ƙofofi biyu ne, a hannun hukumomi biyu, kuma halittun da ake magana a kansu suna zaune ne a inda ikon hukumomin ya haɗu.

Ina ne ake kira ƙasan teku?

A doka, kowace ƙasa mai gaɓa tana da iko da arzikin ruwa har zuwa mil 200 na teku daga bakin gaɓarta, wato kimanin kilomita 370. Abin da ya wuce iyakokin ƙasashe shi ne tsakiyar teku, kuma ƙasan da ke ƙarƙashinsa ya fi rabin ƙasan tekun duniya gaba ɗaya. A kimiyya kuma, ana fara cewa "zurfin teku" daga mita 200, inda hasken rana ya daina isar shuka ta rayu. Daga mita 1,000 zuwa ƙasa duhu ne ƙirin, dare da rana. Matsakaicin zurfin teku kusan mita 3,700 ne, rami mafi zurfi kuwa, a yankin Mariyana na tekun Fasifik, ya kusa mita 11,000.

Ruwan can sanyi gare shi, bai fi digiri 1 zuwa 4 ba a yawancin wurare. Nauyinsa kuma yana ƙaruwa duk bayan mita 10 da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a doron ƙasa, saboda haka abin da ke zaune a mita 4,000 yana ɗauke da ninki 400 na abin da jikinmu ya saba. Har yanzu ƙasan tekun da aka zana taswirarsa dalla-dalla bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu da 'yan kai ba.

Su wa ke zaune a can?

A 1843 wani masani ɗan Birtaniya, Edward Forbes, ya yi hasashen cewa babu rai a ƙasa da kimanin mita 550. Jirgin bincike na Challenger, wanda ya zagaya duniya daga 1872 zuwa 1876, ya rushe wannan zato: duk inda ya jefa komarsa sai ta fito da dabbobi. Tun daga lokacin, duk sanda aka leƙa sai lissafin ya ƙaru.

Ƙasan teku ba wuri ɗaya ba ne. Mafi faɗinsa filaye ne shimfiɗaɗɗu na laka mai laushi, tsakanin mita 3,000 zuwa 6,000. A ido kamar hamada suke, amma idan aka ɗebo lakar aka tace, ana samun ƙananan tsutsotsi da 'yan uwan jatan lande da katantanwa iri-iri, yawancinsu ba su kai ƙwayar gero ba. A saman lakar akwai kokwamban teku masu rarrafe suna lasar ƙasa, da taurarin teku masu siraran hannuwa, da soson teku da jikinsa ya yi kama da saƙar gilashi. Abincinsu duka daga sama yake zuwa: gutsattsarin matattun halittu da kashinsu da ke gangarowa a hankali kamar yayyafi. Kaɗan ne ke isa ƙasa, don haka rayuwa a can tafiyar hawainiya ce. Dabba takan daɗe kafin ta girma, ta daɗe kafin ta haihu, kuma irinta ba ya yawa a wuri guda. Wannan shi ne jigon dukan muhawarar da za ta biyo baya.

Sai maɓuɓɓugan ruwan zafi. A 1977 masu bincike a cikin ƙaramin jirgin nutso mai suna Alvin suka gangara kusa da tsibiran Galapagos, zurfin kimanin mita 2,500, suka tarar da ruwa mai zafi yana fitowa daga tsagar dutse, kewaye da shi kuma cincirindon halittu. Akwai tsutsa mai jan kai da ke kai tsawon mita 2, ba ta da baki, ba ta da ciki. Ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a jikinta ne ke sarrafa sinadarin farar wuta su ciyar da ita. Wannan ne karon farko da aka ga al'ummar dabbobi da abincinta bai dogara da hasken rana ba. A maɓuɓɓugan tekun Indiya akwai wata katantanwa da ke rufe ƙafarta da ɓawo mai sinadarin ƙarfe, kamar sulke. A 2019 ƙungiyar IUCN, mai lissafin halittun da ke fuskantar ƙarewa, ta sa ta a jerin waɗanda ke cikin haɗari, kuma dalilin da aka bayar shi ne barazanar haƙar ma'adinai, domin wasu daga cikin 'yan wuraren da take rayuwa suna cikin filayen da aka ba da izinin bincike.

Na uku su ne tsaunukan ƙarƙashin ruwa, dubbai, inda murjanin ruwan sanyi ke kafa kurmi. Wasu daga cikin waɗannan murjani sun shekara dubbai a raye. Kifaye na taruwa a kansu, abin da ya sa manyan jiragen kamun kifi masu jan koma a ƙasa suka riga suka yi wa da yawa daga cikinsu ɓarna tun kafin a zo maganar ma'adinai.

Duwatsun da ake rigima a kansu

A kan waɗancan filayen laka akwai baƙaƙen cure-cure a warwatse, girman dankalin turawa ko curin fura. Ba a binne suke ba, a kwance suke a sarari. Kowanne ya fara ne daga wani ɗan abu, haƙorin kifi ko gutsuren ƙashi, sai sinadaran ƙarfe da ke cikin ruwa suka riƙa manne masa. Kaurinsa yana ƙaruwa da 'yan milimita kaɗan a cikin shekara miliyan ɗaya. A cikinsa akwai manganis da nikel da kobalt da jan ƙarfe, waɗanda ake buƙata a batirin mota mai lantarki da wayar hannu da sarrafa ƙarfe.

Inda suka fi yawa shi ne yankin Clarion-Clipperton, tsakanin Hawayi da Meziko, fili mai faɗin kimanin murabba'in kilomita miliyan 4.5, wato ya kusa ninka Najeriya sau biyar. Zurfinsa mita 4,000 zuwa sama da 5,000.

Ga mai haƙa, curin ma'adini ne. Ga halittun wurin kuwa, shi ne kaɗai abu mai tauri da za a iya tsayawa a kai a cikin tekun laka. Soso da murjani da wasu halittu suna manne masa su yi rayuwarsu. An ɗauki hoton wata farar dabba mai hannuwa takwas, daga dangin oktofas, tana liƙa ƙwanta a jikin karan mataccen soso da ya tsiro a kan curin, ta rungume shi tana gadi. Idan aka kwashe curin, babu soso, babu wurin saka ƙwai.

A 2023 masu bincike ƙarƙashin gidan tarihin halittu na Landan suka tattara duk bayanan da ake da su a kan yankin, suka ƙirga nau'in dabbobi sama da 5,500. Kusan kashi 90 cikin 100 nasu ba a taɓa bayyana su a kimiyya ba, ba su da suna. Da yawa sau ɗaya tak aka taɓa ganinsu, don haka ba a iya tantance ko a ɗan wurin kawai suke ko sun bazu a faɗin teku. Bambancin yana da muhimmanci: idan sun bazu, lalata fili guda asara ce mai iyaka, idan a nan kaɗai suke, ƙarewa ce.

Yadda doka ta tsara abin

A 1967 jakadan Malta a Majalisar Ɗinkin Duniya, Arvid Pardo, ya yi kira da kada a bar ƙasashe masu ƙarfi su yi wawason ƙasan teku, a ayyana shi gadon ɗan'adam baki ɗaya. Wannan ra'ayi ya shiga Yarjejeniyar Dokar Teku ta 1982, wadda ta fara aiki a 1994, kuma a ƙarƙashinta aka kafa Hukumar Kula da Ƙasan Teku ta Duniya, ISA, mai hedikwata a Kingston ta Jamaika. Mambobinta ƙasashe ne sama da 160 da Tarayyar Turai. Amurka ba ta cikinsu, domin majalisar dattawanta ba ta taɓa amincewa da yarjejeniyar ba.

An ɗora wa hukumar ayyuka biyu da ke jan juna: ta tsara yadda za a haƙo ma'adinan don amfanin kowa, kuma ta kare muhallin daga cutarwa. Ta ba da kwangilolin bincike kusan 30, 17 daga ciki a Clarion-Clipperton, kuma China ce ta fi kowa yawa da biyar. Kamfani ba ya nema da kansa, sai wata ƙasa mamba ta tsaya masa. Amma izinin bincike dabam, izinin haƙa don kasuwa dabam. Na biyun ba a taɓa ba kowa ba, saboda ƙa'idojin haƙar ba su kammala ba duk da shekaru sama da goma ana tattaunawa.

A Yunin 2021 ƙaramar ƙasar Nauru, wadda ke tsaya wa wani reshen kamfanin The Metals Company na Kanada, ta yi amfani da wani sashe na doka da ke tilasta wa hukumar gama ƙa'idojin cikin shekara biyu. Wa'adin ya cika a Yulin 2023 ba a gama ba, taron Yulin 2025 ma ya watse ba a gama ba. Tun kafin wannan taron kamfanin ya gaji da jira ya juya ga Amurka, wadda ke da tata dokar ta 1980 a kan haƙar ƙasan teku, ya miƙa takardar neman izini 'yan kwanaki bayan umarnin Trump. Shugabar ISA, Leticia Carvalho 'yar Brazil, wadda masaniyar kimiyyar teku ce kuma ta kama aiki a Janairun 2025, ta ce babu ƙasar da ke da hurumin ba da irin wannan izini ita kaɗai. China da ƙasashen Turai da dama sun faɗi haka. Amurka kuwa tana cewa yarjejeniyar da ba ta shiga ba ba ta ɗaure ta.

Abin da gwaji ya nuna

Injin da aka ƙera don aikin kamar babbar tarakta yake. Yana tafiya a ƙasa yana zuƙe cure-curen tare da saman lakar, ya tura su ta bututu mai tsawon kilomita huɗu zuwa jirgi, sannan a mayar da ruwan laka cikin teku. A ƙarshen 2022 The Metals Company ya gwada shi, ya ɗago sama da tan 3,000.

Illar farko a bayyane take: abin da ke kan hanyar injin ya tafi. Ta biyu ita ce ƙurar laka da ke tashi ta sauka a kan halittun da ke gefe, waɗanda yawancinsu tace ruwa suke yi su ci, kuma sun saba da ruwa garau. Ta uku ita ce ƙara da hasken fitilu a wurin da bai san su ba.

Akwai tsofaffin sawu da ke ba da amsa a kan warkewa. A 1989 masu bincike Jamusawa suka yi wa wani fili huɗa da gangan a tekun da ke yamma da Peru. Da aka koma bayan shekara 26, sawun garmar na nan, kuma dabbobin da ke manne wa duwatsu ba su dawo yadda suke ba. Wani binciken da aka wallafa a 2025 ya duba inda aka gwada injin haƙa a 1979 a Clarion-Clipperton: bayan shekara 44 sawun na nan raɗau, wasu dabbobi masu yawo sun fara komawa, amma manyan da ke zaune wuri guda sun yi ƙaranci. A wurin gwajin 2022 kuma, an samu raguwar kimanin kashi 37 cikin 100 na yawan ƙananan dabbobin laka a cikin sawun injin. Masu goyon bayan haƙa suna nuna alamun farfaɗowar, masu adawa suna nuna tsawon lokacin. Duka biyun suna cikin sakamakon. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne curin da aka ɗauke ba zai dawo ba a zamanin ɗan'adam.

A 2024 wata tawaga ƙarƙashin masanin kimiyyar teku Andrew Sweetman ta ba da rahoton cewa ta auna iskar oksijin tana fitowa daga wajen cure-curen a cikin duhu. The Metals Company da wasu masana sun ƙi yarda da sakamakon, ana kuma shirin sake gwadawa.

Hujjojin ɓangarorin

Masu son a fara haƙa suna da hujja mai nauyi, kuma ba daidai ba ne a yi watsi da ita. Duniya na buƙatar waɗannan ƙarafa, kuma inda ake samo su yanzu ba tsafta gare shi ba. Indonesiya, mai samar da fiye da rabin nikel na duniya, tana sare dazuzzuka masu ɗimbin halittu don haƙo shi. Kusan kashi 70 cikin 100 na kobalt daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo yake fitowa, inda aka sha ba da rahoton yara a ramukan haƙa. A ƙasan teku, in ji su, ba a tashin ƙauye, ba a sare itace, kuma curi ɗaya na ɗauke da ƙarafa huɗu. Suna ƙarawa da cewa ISA ta keɓe wurare 13 a Clarion-Clipperton, kusan murabba'in kilomita miliyan 2, da ba za a taɓa ba. Ga Amurka akwai ƙarin dalili: China ce ke riƙe da yawancin masana'antun tace waɗannan ma'adinai. Ga Nauru kuwa, wadda haƙar fosfat ta riga ta cinye mata ƙasa, wannan hanyar samun kuɗi ce.

Masu cewa a dakata, ƙasashe ne sama da 30, ciki har da Faransa da Jamus da Brazil da Chile da Palau da Fiji, tare da ɗaruruwan masana kimiyya. Hujjarsu ta farko ita ce ba a iya auna asarar abin da ba a ƙirga ba. Ta biyu, babu tabbacin cewa buɗe teku zai sa a rufe rami ko ɗaya a tudu. Mai yiwuwa a tara ɓarna biyu. Ta uku, kasuwar batir tana sauyawa, domin batirin da ake yi da ƙarfe da fosfat, wanda ba ya buƙatar nikel ko kobalt, ya mamaye motocin lantarki na China. Sun kuma lura cewa wuraren da aka keɓe ba duka ne suke da yawan cure-cure irin na filayen kwangila ba, don haka ba lalle su ƙunshi halittu iri ɗaya ba. Kamfanoni irin su BMW da Volvo da Google sun yi alkawari tun 2021 cewa ba za su sayi ƙarfen ƙasan teku ba tukuna.

Tarihi ya ba da misali ɗaya. Kamfanin Nautilus Minerals ya sami izinin haƙa a ruwan Papua New Guinea, ya durƙushe a 2019 bai haƙo komai don kasuwa ba, gwamnatin ƙasar da ta zuba kuɗi ta tafka asara. Norway ma ta buɗe ruwanta ga binciken haƙa a Janairun 2024, kafin shekarar ta ƙare ta dakatar da ba da lasisi.

Me sabuwar yarjejeniyar ta canza?

An amince da rubutun yarjejeniyar kare halittun tsakiyar teku a Yunin 2023 bayan kusan shekara 20 ana kai-komo. Ta ba da damar kafa gandun kariya a tsakiyar teku, ta wajabta nazarin illa ga muhalli kafin manyan ayyuka, ta kuma ce a raba amfanin da aka samu daga ƙwayoyin gadon halittun teku. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne. Maganin sankarar jini mai suna cytarabine ya samo asali ne daga sinadaran wani soso na tekun Karibiyan, kuma wani bincike na 2018 ya gano cewa kamfani ɗaya, BASF na Jamus, shi ke da kusan rabin rajistar mallakar da aka yi a kan ƙwayoyin gadon halittun teku.

Sai dai yarjejeniyar ba ta haramta haƙar ma'adinai ba. A cikinta an rubuta cewa ba za ta tauye ikon hukumomin da suka riga ta ba, ISA kuwa na cikinsu. Ƙasashe na iya ayyana wani yanki gandun kariya, amma hana injin sauka a ƙasansa sai ISA ta yarda. Ƙasar da ba ta amince da yarjejeniyar ba kuma ba ta ɗauru da ita.

Ina ruwan mutumin Kano ko Maraɗi?

A doka, yana da rabo. Gadon ɗan'adam ya haɗa da ƙasashen da ba su da gaɓa, kuma Najeriya da Nijar da Chadi da Ghana da Kamaru duk mambobin ISA ne. Wani ɗan Ghana, Nii Allotey Odunton, ya shugabanci hukumar daga 2009 zuwa 2016. Duk da haka, a cikin kwangilolin binciken da aka bayar babu wadda wata ƙasar Afirka ta tsaya wa. Idan aka yi haƙa ta hannun ISA, kamfani zai biya haraji a raba. Rukunin ƙasashen Afirka a hukumar ya daɗe yana ƙorafin cewa adadin da ake shawarar karɓa ya yi kaɗan idan aka kwatanta da abin da ake biya a tudu. Idan kuma aka yi ta ƙarƙashin dokar Amurka, babu abin da zai shiga wannan asusu.

Akwai kuma batun farashi. Afirka ta Kudu da Gabon da Ghana na sayar da manganis, Kongo kobalt, Zambiya jan ƙarfe. Idan ƙarfen teku ya cika kasuwa, kuɗin shigarsu zai ragu, ma'aikatansu su ji a jika. Yarjejeniyar 1982 ta hango haka, ta tanadi a tallafa wa ƙasashe masu tasowa da abin zai shafa, amma yadda za a cika asusun tallafin yana cikin abubuwan da ba a gama ba. A ɗaya gefen, ƙarin ƙarfe na iya sauke farashin wasu nau'ukan batir, ko da yake yawancin batiran sola da ake sayarwa a kasuwanninmu na darma ne ko na ƙarfe da fosfat, waɗanda ba su dogara da cure-curen ba.

Masunta na tsibiran Fasifik su ne mafi kusa da haɗarin, domin kifin tuna da tattalin arzikinsu ya dogara a kai yana ratsa ruwan da za a riƙa zubar da laka a cikinsa. Zurfin da za a zubar da ruwan lakar, da yawan ƙurar da za a lamunta, da wanda zai biya diyya idan ɓarna ta auku, da yadda mai duba aiki zai sa ido a kan injin da ke kilomita huɗu ƙarƙashin ruwa, duk suna cikin sassan ƙa'idojin da majalisar ISA mai ƙasashe 36 ba ta kai ga matsaya a kansu ba a Kingston.